Tayoyin da Na Sayo wa Baba Ilu

Abubuwa da yawa na wurin aikin nan sun ɓace mini da tsufa, amma ban taɓa mantawa da ranar da na tafi kasuwar Tarauni sayen tayar babur ba, ni da ko bayan babur na hau sai na yi ta salati har a sauke ni. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullan sito, wannan zan ba ku, ko da yake ba ni ce gwanar cikinsa ba.

A farkon daminar 1999 ne, sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba. Lokacin wannan ɗakin gwaje-gwaje namu bai wuce ɗaki uku ba, a wani lungu na Gyadi-Gyadi. Ƙananan asibitoci na Daurawa da Babban Giji da Ƙauyen Alu ba su da na'urorin gwaji, sai su ɗebi jini ko fitsari ko majina su ajiye, mu aika a karɓo, mu gwada, mu rubuta sakamako a takarda a mayar musu. Ba wayar hannu a lokacin, balle a ce a tura hoto. Duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, a kan babur ɗaya yake tafiya, cikin kula mai ƙanƙara da ake ɗaurewa a baya.

Mai tuƙa babur ɗin shi ne Baba Ilu, masinjanmu. Dattijo ne siriri, ya ba hamsin baya, ya san kowane lungu da kwata na yankin nan, kuma bai taɓa fasa kwalba ko ɗaya ba tun da aka buɗe wurin. Ba shi da yawan magana. Ko yabonsa ka yi ko faɗa ka yi masa, amsar ɗaya ce: to, madalla. Da albashin nan yake riƙe da gida da 'yan mata uku a makaranta.

Ni kuwa mai buga takardu ce, na shekara biyar ina dukan tafireta ba wanda ya san ina nan sai in an ga kuskure. Da mai sitonmu ya koma garinsu, sai aka haɗa mini da sito. Mai wurin, wanda muke kira Dakta kawai, mutumin kirki ne, sai dai hannunsa ba ya buɗuwa da sauƙi. A shekarar nan siyasa ta ɗebe shi ƙwarai. Ya ce tunda ƙasa ta koma dimokuraɗiyya mu ma mun koma, ya ƙirƙiro taron ma'aikata duk ƙarshen wata inda kowa zai faɗi ra'ayinsa. Muka sa wa taron suna majalisa. Kowa yana da 'yancin magana, amma shi ne shugaba, shi ne mai tsawatarwa, shi ne kuma yake cinye kusan duk lokacin.

Tsarin sayayya a lokacin mai sauƙi ne. Mai buƙata ya gaya wa mai sito, mai sito ta rubuta takardar buƙata, Dakta ya sa hannu, a fitar da kuɗi, a sayo, a kawo rasit. Wata Litinin Baba Ilu ya tsaya a ƙofar sito ya ce tayoyin babur sun suɗe gaba da baya, ga ruwa ya fara sauka. Na rubuta, na kai. Dakta ya duba, ya ja tsaki, ya rage abin da na rubuta, ya ce a nemo mai sauƙi, ba tseren babur za mu shiga ba.

A ƙa'ida da Baba Ilu ya kamata in tafi. Amma ya fita zagaye, ni kuma wannan ce babbar sayayyata ta farko, ina so a san an yi sabuwar mai sito. Na yafa mayafi na tari tasi.

Shagon da aka kwatanta mini na wani Alhaji Tanko ne, a layin masu kayan babur. Ya tambaye ni irin babur ɗin, na nuna masa takardar da na kwafo lambobin jikin tsofaffin tayoyin, ya ce na yi dabara. Ya jera mini iri uku. Akwai ta babban kamfani, wadda kuɗina ko kusa ba su kai ta ba. Akwai ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, ya ce ita sa'a ce, wata ta yi shekara wata ta yi mako. Sai ya shiga can ƙuryar shago ya fito da wasu guda biyu a naɗe da takarda, sababbi, ba su da wani suna, ya ce ga mai ƙaramin ƙarfi ba kamarsu, irinsu ya sa wa babur ɗin ɗansa. Kuɗin hannuna sun kai su cif, ba ragi ba ƙari.

Da na biya na tafi, da yau ba ni da labari. Amma ni 'yar Kano ce, tun ina yarinya ake aikena sayen roba. Bokiti, baho, silifa, duk na san sirrinsu: ka danna da farce, in ya lotsa ka bar shi, ba zai yi ƙarko ba, in ya yi tauri ka ɗauka. Na sa farce na danna tayar Alhaji, sai na ji ta ɗan lotsa. Na taɓe baki. Ina waigawa sai na ga wasu guda biyu a rataye a ƙusa a bakin ƙofa, rana na dukansu. Na danna ɗaya, farce ya kusa karyewa. Na ce a zuciyata, ga kaya an ɓoye a fili.

Alhaji Tanko ya ce waɗannan ba na sayarwa ba ne, alamar shago ce, sun yi shekaru a nan rana da ruwa duk a kansu, ba ya ba ni shawarar ɗauka. Ni kuwa na san halin 'yan kasuwa, ko in ce na ɗauka na sani. Na ce ya ga mace ne yana so ya liƙa mini mai laushi ya ajiye mai ƙwari ya jira wanda zai ba da tsada. Yana ƙi ina nacewa, har maƙwabtansa suka fara leƙowa. Daga ƙarshe ya sauko da su, ya goge da tsumma suka yi baƙi wuluk, ya karɓi kusan rabin kuɗin.

"Hajiya, ni dai na faɗa miki," in ji shi.

Na ce na ji, Allah Ya ba da kasuwa.

Na dawo ofis da taya biyu da rasit da canji. A tarihin wurin nan ba a taɓa aiken mutum ya dawo da canji ba. Dakta ya kasa haƙuri har ƙarshen wata, ya tara mutane a baranda nan take, ya ɗaga canjin sama ya ce irin waɗannan ma'aikata sabuwar Najeriya take nema. Aka tafa mini. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi har cikin raina, ranar ko abinci ban ci sosai ba don murna. Baba Ilu ya dawo daga zagaye ya tarar da taron. Ya tsuguna ya shafa tayar, ya juya ta, ya ɗan daɗe yana kallonta. Sai ya miƙe ya ce to, madalla, Allah Ya sa alheri, ya rataya su a kafaɗa ya tafi wajen mai faci.

Bayan mako biyu ya faɗi. An yi ruwa da hantsi, yana shan kwana zai shiga Daurawa, babur ya zame daga ƙarƙashinsa. Bai ji ciwo ba sai ƙujewa, amma kula ta buɗe, kwalabe suka farfashe a kan kwalta. Sai da aka sake kiran marasa lafiya aka sake ɗibar jininsu, wani asibiti ya aiko mana da takarda mai zafi.

Muna da littafin da ake rubuta duk wani abin da ya auku a bakin aiki, ni ce mai rubutawa. Gida uku ne: rana, abin da ya faru, dalili. In kun buɗe tsofaffin littattafan nan za ku ga gidan dalili kalma ɗaya ce daga sama har ƙasa, tsautsayi. Haka muka taso. Mutum ya faɗi, a ce sannu, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah Ya kiyaye gaba. Wanda ya tsaya tambayar yadda aka yi, sai a ga kamar yana neman mai laifi ne ko yana ja da ƙaddara. Na tambayi Baba Ilu me zan rubuta, ya ce tsautsayi, na rubuta na rufe littafi.

Daga nan sai ya canza. Mutumin da ake saita agogo da shi ya fara latti. Da hadari ya haɗu sai a gan shi ya faka a ƙarƙashin rumfar wani shago yana jira, ko an ɗauke ruwa ba zai tashi ba sai kwalta ta bushe. Sakamakon da ake kaiwa kafin azahar ya koma la'asar. 'Yan ɗakin gwaji suka fara tsokanarsa, wai Baba ya zama gishiri, yana tsoron ruwa. Ya yi murmushi kawai.

Faɗuwa ta biyu ta fi muni. Wata ranar Alhamis aka matsa masa ya fita cikin yayyafi saboda gwajin wata mai ciki da ake jira. A kan titin Maiduguri akuya ta gitta, ya taka birki, tayar gaba ta tafi abinta. Sakamakon ya isa, don da ƙafa ya ƙarasa kai shi, amma wuyan hannunsa na hagu ya tsage, sai da aka ɗaure.

Washegari Dakta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce yana ƙaunar Baba Ilu, amma tsufa ba ya jin rarrashi. Faɗuwa biyu a wata ɗaya, ga latti, ga tsoro, alama ce ido da hannu sun gaji. Ya ce in buga takardar sallama, za a ba shi bayan majalisar ƙarshen wata, a nemo matashi. Na buga ta ina share ƙwalla, na sa a aljihun tebur na kulle. Na tausaya masa matuƙa, amma wallahi ko sau ɗaya zuciyata ba ta kai kan taya ba.

Kafin a miƙa babur ga sabon mutum, doka ce mai sito ta sa a duba shi ta rubuta halin da yake ciki. Babur ɗin yana wajen Sande, mai facin bakin titinmu. Iyayensa 'yan Kudu ne amma a nan aka haife shi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, kuma bakinsa ba shi da birki. Na same shi ya cire ƙafar gaba yana gyara ta. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya shuri tayar da ke gefe.

"Hajiya, don Allah wane mara imani ne ya sayo wa tsohon nan katako ya ce taya ce?"

Na ce me ya sami tayar, ai sabuwa ce, ko zanenta bai taɓu ba. Ya yi dariya ya ce ina zai taɓu, dutse yana suɗewa ne? Ya kama gefenta ya lanƙwasa, sai ga 'yan tsage-tsage ƙanana birjik, kamar ƙafar mai kaushi. Ya ce rana ce ta soye ta tun tana rataye. Ya ɗebo ruwa ya watsa a kan siminti, ya ɗora tayata ya tura da hannu ɗaya, ta sulale har bakin kwata. Ya ɗauko wata tsohuwa mai laushi ya tura, ta cije ta tsaya. Ya ce taya ba bokiti ba ce, aikinta ta kama ƙasa, wadda farce bai shige ta ba kwalta ma ba za ta kama ba, balle jiƙaƙƙiya.

Na tambaye shi, tunda shi ya ɗaura su, me ya hana shi faɗa. Ya ce ya faɗa mana, tun ranar. Baba Ilu ne ya ce shi ma ya gani, a ɗaura kawai zai lallaɓa, kuma kada ya ji maganar nan a bakin kowa.

Sande yana ta zagin mai sayen tayar, har yana cewa da zai gan shi sai ya sa shi ya hau babur ɗin a cikin ruwa, ni kuwa ina tsaye ina gyara mayafi. Ban ce masa ni ce ba. Na ce Allah Ya kyauta, na juya.

Kwana huɗu suka rage a yi majalisa, kuma ba zan ce muku na yanke shawara nan take ba. Na yi ta saƙa da warwara. Ban da Baba Ilu, ba wanda ya sani sai Sande, shi ma bai san ni ce ba. Zan iya canza tayoyin shiru kafin sabon mutum ya zo, magana ta wuce. Na ji tsoron a karɓe sito, na fi jin tsoron dariyar waɗanda suka tafa mini. Amma duk lokacin da na buɗe aljihun tebur ɗaukar biro, sai in ga takardar nan da sunan Baba Ilu a kai, da hannuna na buga ta, kuma laifin da ke ciki nawa ne.

Ranar majalisa na biya ta wajen Sande na ce ya ba ni tayar gaban. A nan na gaya masa ni ce mara imanin. Nan take ya sauya baki, ya ce ai tsautsayi ne, Hajiya. Tayar ta yi mini nauyi, don haka gara ta na yi tun daga bakin titi har cikin ofis, matar aure da mayafi tana gare kamar yaran unguwa. Na shiga da ita tsakiyar taro Dakta yana tsaka da bayani a kan tattalin arziki.

Na nemi izinin magana. Na faɗi komai yadda ya faru, har da gargaɗin Alhaji Tanko da na yi wa kunnen ƙashi. Na roƙi ruwa a kofi na watsa a ƙasa, na yi musu abin da Sande ya yi mini, tayar ta sulale ta bugi ƙafar kujerar Dakta. Wasu suka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Na ce ba tsufa ne ya kayar da Baba Ilu ba, ni ce na kayar da shi, lattin da yake yi kuma dabara ce ta mutumin da ya san abin da yake kai.

Dakta ya sunkuya ya danna tayar da farcensa, ya sake dannawa. Ya juya wajen Baba Ilu, wanda ke zaune can baya da hannu a rataye a wuya.

"Malam Ilu, ka san da wannan?"

"Ranka ya daɗe, abin da Allah Ya rubuta ne."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Baba Ilu ya sunkuyar da kai, kowa kuma ya gane. Sai Dakta ya ce shi ne ya rage kuɗin, shi ne kuma ya ɗaga canji sama a baranda, don haka kowa ya ɗauki rabonsa. Bai ambaci takardar sallama a gaban mutane ba, har yau ina ganin girmansa a kan wannan. Bayan an watse ya karɓe ta ya yaga. A madadinta ya ce a ba mai sito takardar gargaɗi, kuma da yake ni ce mai tafireta, ni na zauna na buga wa kaina gargaɗi, na kai ya sa hannu, na karɓa na ce na gode.

Da hannun ya yi sauƙi muka koma shagon Alhaji Tanko tare da Baba Ilu. Alhaji bai ce uffan a kan abin da ya wuce ba, sai dai ya tambaye ni ko yau ma ta bakin ƙofa nake so. Na tsaya gefe ina kallon yadda masu abu suke sayen abinsu. Baba Ilu ya sa aka fito da su daga ƙurya, ya duba lambar girma, ya ware ta gaba daban ta baya daban don zanensu ba ɗaya ba ne, ya lanƙwasa gefe yana neman tsagewa, ya leƙa cikin zanen ko an sake yanka shi da wuƙa, ya danna da farce, har sansanawa ya yi, ya ce sabuwar roba tana da ƙamshinta. Waɗanda ya zaɓa su ne dai marasa sunan nan masu sauƙin kuɗi da aka fara nuna mini.

Muna jiran tasi na yi ta maza na tambaye shi. Na ce Baba, ka gani tun ranar farko, me ya sa ba ka ja ni gefe ka gaya mini ba, har ka kusa rasa hannu da aiki?

Ya amsa yana kallon titi.

"'Yata, shekara biyar ina wucewa ta ƙofarki ban taɓa jin an ce miki sannu da aiki ba. Ranar nan kawai aka faɗa. Ni ne zan zo in ƙwace miki?"

Na juya baya na yi kuka a bakin kasuwa, masu wucewa suna kallona.

Abin da na koya a aikin nan daga ranar shi ne, mutanenmu masu kara ne, kuma karar nan ta fi yawa a wajen waɗanda suka fi sanin aiki kuma aka fi raina su. Masinja da mai shara da mai gadi za su ga kuskurenka tun kafin ka gama yinsa, su yi shiru su ɗauke shi a jikinsu don kada ka ji kunya. In za ku saya wa mutum abin aiki, ku tafi da shi. In kun tambaye shi ya ce madalla, ku ja shi inda ba kowa ku sake tambaya. In kuma za ku rubuta tsautsayi a gidan dalili, ku rubuta, gaskiya ne, amma ku bar wuri a ƙasansa ku je ku duba tayar.

Baba Ilu ya ƙara shekara bakwai a kan babur ɗin nan bai sake faɗuwa ba. Hannun dai bai koma daidai ba. Duk safiyar da aka tashi da sanyi, ta tagar sito nake hango shi yana murza wuyan hannun kafin ya iya kama kan babur. In ya ɗago ya ga ina kallo, sai ya yi sauri ya zura hannun cikin aljihu ya ɗaga mini ɗayan.